Surukai Biyu a Jirgin Ja

Sunana Adamu. Shekara goma sha tara ina riƙe da winci, wato injin saki da naɗe waya, a jiragen ja, tara a Bur Sudan, goma a nan Jidda, kuma ban taɓa ganin abin da ya ɗaure mini baki ba sai ranar da aka nuna mana kayan da za mu ja. Wanda ya san ni ya san shiruna ba ƙaramin abu ba ne.

A cikin ruwa yake tsaye, a bakin wani filin haɗa ƙarafa da ke kudu da tashar jirage. Injin iska ne mai ba da lantarki, irin mai fukafukai uku, sai dai shi ba a ƙasa aka kafa shi ba. A kan wasu manyan ganguna uku na ƙarfe aka ɗora shi, kowace ta kai gidan bene, an haɗa su da gadoji, duka suna shawagi a kan ruwa. In ka tsaya a gindi ka ce sai ka ga ƙarshen hasumiyar, hularka ce za ta faɗi. Guda uku kamfanin ya ƙera don gwaji. Aikinmu shi ne mu ja su ɗaya bayan ɗaya, mu fitar da su ta tsakanin duwatsun murjani, mu yi arewa mu wuce gaɓar Abhur, mu kai su ruwa mai zurfi inda wasu jirage za su ɗaure su da anga. Da injiniya ya ce ba za mu wuce saurin mai tafiya a ƙafa ba, sai kukunmu ya ce ashe Hajiya ce, ba a yi mata gaggawa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kiranta da wani suna.

Nayef, Balaraben da ke ofishin kamfaninmu, shi ne ya haɗa ma'aikatan jirgin. Mutumin kirki ne a ofis, amma abin da ke takarda kawai ya sani. Ya duba takarda ya ga ba kyaftin da ya kai Nuraddeen natsuwa, ya rubuta shi. Ya sake dubawa ya ga ba rayyis, wato shugaban masu aikin wayar ja a filin bayan jirgi, da ya kama ƙafar Abduljalil, shi ma ya rubuta shi. Abin da takardar ba ta gaya masa ba shi ne, Nuraddeen yana auren Mastura, 'yar Abduljalil ta fari.

Su biyun duk haihuwar Jidda ne, kakanninsu suka zo hajji suka zauna. Nuraddeen ɗan unguwar Ruwais ne, Hausarsa ma rabi da rabi ce, in ta ƙare masa a tsakiyar magana sai ya cika da Larabci. Amma kakarsa ce ta rene shi, kuma ko ba ta iya cusa masa harshen duka ba, kunya kam ta ɗura masa ita har wuya. Shekara bakwai da aure bai taɓa furta sunan surukinsa ba, bai taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In suka haɗu, zai rusuna ya gaishe shi da kai a ƙasa, ya nemi ƙofa. Shi ma tsohon haka yake. Wannan mutum da zai zagi ƙarfe in ƙarfe ya ƙi, da ya hango mijin 'yarsa sai ya shiga gyaran safar hannu.

Na je na sami Nayef na yi masa bayani. Ya saurare ni da kyau, sannan ya tambaye ni ko faɗa suke yi. Na ce a'a, girmama juna suke yi. Ya ce to alhamdulillah, ina matsalar? Na fito ina jin haushinsa, ina kuma jin haushin kaina da na kasa fahimtar da shi.

Dole in faɗi ko wane ne Abduljalil, don a gane abin da aka sa a hannun Nuraddeen. Shekararsa sittin da ɗaya, gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, ya yi arba'in daga cikinsu a bayan jirgi. Wayar ja ba igiyar shanya ba ce. Kaurinta ya kai damtsen mutum, kuma in tana ɗauke da nauyi ta zame, ba ta barin abin da ta tarar a tsaye. Yawancinmu tsoronta muke yi. Shi kuwa ya santa ne kawai, kamar yadda mai kiwo ya san shanunsa. Ya kan karkata kai ya saurari kukanta a kan naɗin, wato ƙarfen nan mai juyawa da ke bakin bayan jirgi, ya ce silin ƙarfe ɗaya ya tsinke a ciki, a duba a samu haka ne. A shekara arba'in ba wanda ya rasa ko yatsa a ƙarƙashinsa. Da aka ce shi zai riƙe wayar Hajiya, na ga murna a fuskarsa irin wadda ban taɓa gani ba. Ya ce mini ya gaji da tura jiragen kwantena da na tumaki, yau ga aikin da zai nuna wa jikokinsa.

To a jirgin ja, kyaftin ne ke magana, rayyis ya maimaita, ya aikata. Kalma biyu, uku, ba gaisuwa, ba roƙo. Wannan shi ne abin da Nuraddeen ya kasa. Tun ranar gwaji ya juyo gare ni, domin kujerar winci tana nan cikin ɗakin tuƙi kusa da tasa, tana kallon filin baya ta gilashi. Ya ce, "Ya Adamu, law samaht, ko za ka shaida wa su Baba a matsar da sarƙar can?" Na ɗauki oba-oba na shaida wa su Baba. Can sai tsohon ya amsa mini da cewa in gaya wa mutumin sama an matsar. Shi ke nan na zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ke ganin juna ta gilashi.

Ba zan wanke kaina ba. Abin ya yi mini daɗi. Na riƙa yi wa saƙon ado, in ƙara "in ba damuwa" nan, in sa "in an samu hali" can. 'Yan Filifin da ke cikinmu suna dariya ba su san me ake cewa ba, ni kuma ina ji da kaina, wai ni mai riƙe da al'ada a tsakiyar teku.

Muka tashi bayan sallar asuba, ruwa kwance lamo. Mu ne a gaba, wani ƙaramin jirgin ja na wani kamfani yana riƙe da Hajiya ta baya don kada ta yi gaban kanta. Na saki waya kaɗan, Nuraddeen ya tura injin a hankali, wayar ta taso daga ruwa tana ɗiga, ta miƙe. Aka yi kusan minti biyar kamar ba abin da ke motsi. Sannan na lura fitilar bakin filin ta koma bayan ganga ta biyu. Wannan tulin ƙarfe, da ya fi duk wata hasumiyar masallaci da na sani tsawo, ya biyo mu. Ban san lokacin da na ce masha Allah ba.

Fita daga Jidda ba wasa ba ne ko ga jirgin da ba ya jan komai. Duwatsun murjani sun yi wa garin katanga biyu, hanyar tana lanƙwasa tsakaninsu. Nan na ga aikin Nuraddeen. Ba ya juya jirgi inda hanya ta juya, sai ya wuce kaɗan, ya jira, don ya san abin da ke bayansa ba ya bin sawunsa, yanke kwana yake yi. Hannunsa biyu a kan sandunan tuƙi, da ƙyar za ka ga sun motsa. Yana magana da jirgin baya da Turanci, da hasumiyar tasha da Larabci, murya ɗaya ba hawa ba sauka. Muna tsakiyar mashiga ta biyu tsohon ya kira ni. Ya ce ko mutumin sama zai so a rage waya kamar mita talatin, don cikinta ya yi ƙasa da yawa, in ba a yi hankali ba za ta shafi dutse. Na'urar auna zurfi ba ta nuna komai ba tukuna. Nuraddeen bai ko dubi na'urar ba ya ce in rage. Da wayar ta naɗo, sai ga farin garin murjani a jikinta, wurin da ta fara gogawa. Kyaftin ya girgiza kai ya ce a hankali, "Wallahi ma fi zayyu," wato babu kamarsa. Na tambaye shi ko in isar da wannan ma, ya harare ni.

Da hantsi muka fita ruwa mai zurfi, na saki waya mai tsawo, kowa ya numfasa. Garin yana ta hannun damarmu, fari fat cikin rana. Muka wuce daidai Ruwais, Nuraddeen ya saci kallo sau ɗaya. Ƙananan kwale-kwalen masunta suka riƙa kashe inji suna kallonmu, wasu suna ɗaga waya suna hoto. Hajiya kuwa tana tafe a bayanmu, fukafukanta a ɗaure, ba ta ko rangaji. Ni dai na ji alfahari, na faɗa, ko da ba ni na ƙera ta ba.

Duk wanda ya yi aiki a Bahar Maliya ya san iskar arewa tana tashi bayan azahar. An sa ta a lissafi, amma ranar ta zo da wuri, ta kuma zo da ƙarfi. Mun ɗan wuce bakin Abhur ta same mu. Jirgi mai lodi ruwa ne ke riƙe shi, ita kuwa Hajiya rabin jikinta a sama yake, iska ta samu abin kamawa. Sai ta fara yawo, ta yi hagu a hankali har wayar ta karkace, ta tsaya, ta dawo dama. A bakin jirginmu akwai turaku biyu na ƙarfe da wayar ke bi ta tsakaninsu, su ne ke hana ta share filin baya. Duk lokacin da Hajiya ta kai ƙarshen yawonta, sai wayar ta jingina da turke ɗaya tana kuka.

Akwai wata riga ta roba mai kauri da ake sa wa waya a inda take gogar bakin jirgi. Wannan yawon ya sa rigar ta zame, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. In aka bari, wayar za ta tsinke, Hajiya ta bi iska ta koma kan duwatsun da muka baro. Abduljalil ya aiko ni in shaida wa mutumin sama zai je ya mayar da ita, minti uku ya ishe shi. Nuraddeen ya dubi Hajiya, ya dubi agogo, ya ce to. Tsohon ya hana kowa bin sa. Ya ɗauki guduma da ƙugiya ya taka zuwa bakin jirgi shi kaɗai.

Minti biyu sun wuce, aikin ya kusa. Ni idona yana kan tsohon, shi kyaftin nasa yana kan Hajiya, shi ya sa ya riga ni gani. Wata igiyar ruwa babba ta taso, kuma ta zo daidai lokacin da Hajiya ke can ƙarshen hagu. In bayan jirgi ya nutsa cikin ramin igiyar, wayar za ta ɗaga ta haye kan turke, kuma Abduljalil yana tsaye a gefen da za ta bi.

Nuraddeen ya ce, "Adamu, gaya wa su Baba su bar wurin."

Na danna oba-oba. Har gobe ina jin kunyar abin da ya fito daga bakina. Na ce, "Rayyis, kyaftin ya ce in an kusa gamawa, ko za a ɗan ja baya."

Tsohon bai waiwayo ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama, wato saura kaɗan. Ba laifinsa ba ne. Abin da ya ji roƙo ne, kuma roƙo ana iya ce masa a dakata.

Bayan jirgi ya fara sauka. Na ga wayar ta rabu da naɗin, ta hau rabin turke. Sai na ji an ture ni, Nuraddeen ya fizgi makirfon babbar lasifika, wadda ake ji har jirgin baya.

"Abduljalil! Kwanta!"

Shekara arba'in jikin mutumin nan yana amsa irin wannan murya. Bai tsaya tunani ba, ya saki guduma ya zube rub da ciki. Wayar ta tsallake turken ta wuce ta kansa, ta daki shingen gefen jirgi da ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Hular kwanonsa ta tafi teku. Gudumar ma ba mu sake ganinta ba.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi kyawun tuƙin da na taɓa gani. Waya a gefe tana iya kifar da jirgin ja. Nuraddeen ya rage inji, ya juyar da bayan jirgi ya bi wayar maimakon ya yi ja-in-ja da ita, ya ce in saki mita ashirin, ya umarci jirgin baya ya danne Hajiya. Yana yi yana ba da umarni ta lasifika, gajere gajere, "Rayyis, rarrafa dama. Tsaya nan. Sauke turke. Ɗaga." Kowace kalma tsohon yana maimaita ta ta oba-oba, yana aikatawa. Cikin minti goma waya ta koma tsakanin turakunta, riga ta koma wurinta. Ni ba wanda ya aike ni ko'ina.

Gab da magariba muka miƙa Hajiya ga jiragen anga. Aka yi ta tafi a rediyo, Nayef ya bugo yana ta mabruk, yana taya mu murna. Nuraddeen bai yi murmushi ba. Tunda abin ya lafa, in tsohon ya gifta ta ƙasa sai ya kau da kai. Da muka rage mu biyu ya ce mini bai san da wane ido zai dubi Mastura ba, ya kira sunan mahaifinta gatsal a gaban Indiyawa da 'yan Filifin, kamar yana kiran yaron shago. Na ce masa ai da ido biyu zai dube ta, tunda ya dawo mata da uba. Bai ji ni ba.

Washegari da safe, muna ɗaure a tasha, na ji takun mutum a matakalar ɗakin tuƙi. Abduljalil ne, ya yi wanka ya sa farar jallabiya, da jakarsa a kafaɗa. Tunda muka hau jirgin bai taɓa hawowa nan ba. Nuraddeen ya miƙe zumbur, ya rasa inda zai sa hannunsa. Na yunƙura zan fita, tsohon ya ce in zauna, ai ni ma da rabona a ciki. Ya fara da ni. Ya ce winci aka ba ni, ba a ɗauke ni aikin sarkin fada ba, kuma in na sake sa wa umarnin kyaftin zuma, ko a jirgin wa, shi da kansa zai nemo ni. Na haɗiye, don gaskiya ce.

Sannan ya juya ya dubi surukinsa, ido cikin ido.

Ya ce, "Abin da ka yi jiya shi ne daidai. Sai dai ka makara da numfashi biyu."

Nuraddeen ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi haƙuri, Baba. Samihni."

"Ba haƙuri na zo karɓa ba. Na je wurin Nayef tun da sassafe. Na ce ya sa Abdulghani a madadina, ni na koya masa, hannunsa yana da kyau. Sauran biyun ba da ni za a ja su ba."

Nuraddeen ya ɗago a firgice. Ya ce a'a, in dai wani zai sauka to shi ne, kowa ya san yadda Baba ya ƙwallafa rai a kan wannan aiki. Ya ce ya yi alkawari daga yau zai riƙa ba da umarni kai tsaye, ba zai sake jinkiri ba. Yana faɗa Hausar ta gudu ta bar shi da Larabci.

Tsohon ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Na san za ka iya. Shi ne abin da ba na so. In na zauna, ɗayan biyu ne. Ko kunyarka ta kashe ni, ko ka saba da daka mini tsawa har ta daina yi maka nauyi. Ni kuwa mutumin da na ba 'yata, ina son sa yadda yake. Rayyis ana samu, ya waladi. Wanda ya riƙe Hajiya jiya cikin iskar nan, ban ga na biyunsa ba."

Ya gyara jakarsa ya sauka. Nuraddeen ya bi shi zai karɓi jakar, ya hana shi, ya ce kyaftin ba ya barin jirgi a lokacin aiki. Muka tsaya ta gilashi muna kallonsa yana tafiya a kan dakalin tasha. A can ƙarshen filin Hajiya ta biyu tana tsaye cikin ruwa, an gama ɗaura mata fukafukai. Da ya zo daidai ita sai ya tsaya, ya ajiye jakar, ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka. Ya taka har bakin ruwa ya duba sarƙar da za a ɗaura wa waya, ya kira wani ma'aikaci ya nuna masa wani abu da yatsa, ya jira har aka gyara. Sannan ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa, bai waiwayo ba.

Na juyo daga gilashin. Nuraddeen ya share fuskarsa da bayan hannu, ya zauna a kujerarsa. Ya ce in kira masa Abdulghani, akwai waya mita ɗari da ke bukatar giris kafin Asabar.